Taifot Mai Matsananciyar Turjiya: Annobar Haidarabad da Matsalar Dogaro da Gwajin Widal

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda ƙwayar Salmonella Typhi, mai haddasa zazzaɓin taifot, ta riƙa bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya, tun daga 1948 har zuwa ɓullar nau'i mai matsananciyar turjiya a Haidarabad ta ƙasar Pakistan a 2016. An dogara ne da binciken da aka riga aka wallafa da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, ba a tattara sababbin samfura ba. Nazarin ya nuna cewa renon ƙwayar cuta daga jinin majiyyata ne ya tona asirin annobar, aikin da gwajin Widal ba ya iyawa. Don haka duk yankin da ya jingina gano taifot a kan Widal, ciki har da ƙasar Hausa, yana ƙara wa turjiya ƙarfi, kuma ba shi da idon ganin ta.

Muhimman kalmomi: taifot, turjiya ga magunguna, renon jini, gwajin Widal, riga-kafi.

1.0 Gabatarwa

Salmonella Typhi ba ta da masauki sai jikin ɗan Adam. Tana fita ta bayan gida, ta koma cikin wani ta ruwan sha ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 9 ne suka kamu da taifot, kimanin 110,000 suka rasu. Idan ba a samu maganin da ya dace ba, cutar kan kai ga zubar jini a ciki ko hudewar ƙaramin hanji, galibi a mako na uku, kuma likitocin tiyata a Arewacin Nijeriya da Nijar sun san wannan hudewar hanji a yara sarai.

Batun ya wuce taifot kaɗai. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 kai tsaye ga turjiyar bakteriya, kuma yammacin Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a: 27.3 cikin kowane mutum 100,000.

2.0 Tarihin Turjiya a Taƙaice

A 1948 aka fara gwada kuloramfenikol a kan masu taifot a yankin da yanzu ake kira Maleshiya, mace-mace suka yi ƙasa ƙwarai. A 1972 babbar annoba ta ɓarke a Meziko da ƙwayar da wannan magani ba ya ci. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 aka fara samun nau'in da ya gagari tsofaffin magunguna uku gaba ɗaya: kuloramfenikol, amfisilin da ko-tirimokzazol, wanda jama'a suka fi sani da Septrin. Likitoci suka koma ga sifrofulokzasin da danginsa. Su ma ba su daɗe ba, domin sauyi ƙalilan a ƙwayar gado mai suna gyrA ya isa ya rage musu kaifi. Daga nan allurar seftiriyazon ta zama abin dogaro.

Zuriya ɗaya ce ta ɗauki mafi yawan wannan turjiya, wadda ake kira H58. Binciken da aka wallafa a Nature Genetics a 2015, bayan karanta jigidar halittar samfura 1,832 daga ƙasashe 63, ya nuna yadda ta taso daga kudancin Asiya ta mamaye gabashin Afirka, har da Kenya da Malawi.

3.0 Abin da Ya Faru a Haidarabad

A watan Nuwamba na 2016 ɗakin gwaje-gwaje na Jami'ar Aga Khan ya lura da wani baƙon abu a samfuran jinin da ke zuwa daga Haidarabad, a lardin Sind. Ga yadda ake aikin. Idan ƙwayar cuta ta tsiro a kwalbar renon jini, sai a shafa ta a kan faifan reno, a jera ƙananan takardu masu kewaye waɗanda kowace ke ɗauke da magani ɗaya, a sa faifan a na'urar ɗumi ya kwana. Da safe, duk maganin da ke aiki za a ga fili fetal a kewayensa inda ƙwayar ta kasa tsirowa, a auna faɗinsa da milimita. A faifan Haidarabad, filin da aka saba gani a kewayen seftiriyazon ya tsuke, ƙwayar ta matso har kusa da takardar.

Wata mai bincike mai suna Klemm da abokan aikinta sun wallafa bayanin a mujallar mBio a 2018, lokacin da aka ƙirga mutum 339. Ƙwayar 'yar zuriyar H58 ce, ta riga ta gagari tsofaffin magunguna uku, sannan ta samo wani ƙaramin zoben gado da ake kira falasmid, nau'in IncY. A jikin zoben akwai ƙwayoyin gado biyu masu hatsari: blaCTX-M-15, wadda ke sarrafa sinadarin da ke farfasa seftiriyazon, da qnrS, wadda ke kare ƙwayar daga sifrofulokzasin. Masu binciken sun rinjaya ga cewa daga Escherichia coli ko wata bakteriyar hanji ta karɓo zoben. Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a yi tunani. Ƙwayar ba ta jira shekaru tana tara sauye-sauye ba. A karo guda ta karɓi makami daga maƙwabciyar da suke zaune tare a hanji ko a kwata.

Binciken da aka yi a unguwannin Latifabad da Kasimabad ya nuna cewa gidajen majiyyata sun taru ne kusa da magudanan ƙazanta, inda ruwan najasa ke iya kutsawa cikin bututun ruwan sha. Daga 1 ga Nuwamba 2016 zuwa 9 ga Disamba 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito mutum 8,188 masu taifot a Sind, 5,274 daga cikinsu da wannan nau'i mai matsananciyar turjiya, mafi yawa a Karachi. Matafiya kuma sun kai shi Birtaniya da Amurka.

Magungunan da suka rage su ne azitiromaisin, wanda ake sha, da irin su merofenem, waɗanda sai an kwantar da majiyyaci an saka ta jijiya, ga tsada. A 2019 kuwa masu bincike a Dhaka ta Bangaladash suka ba da rahoton Salmonella Typhi da azitiromaisin ba ya ci, saboda sauyi ɗaya a ƙwayar gado mai suna acrB. Ranar da wannan sauyi ya haɗu da zoben Haidarabad a ƙwaya guda, taifot zai rasa maganin sha.

4.0 Widal da Renon Jini

Likitan Faransa Georges-Fernand Widal ya fito da gwajinsa a 1896. Ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sojojin garkuwar da jiki ya ƙera a kanta yake nema. Yadda aka fi yin sa a ƙananan ɗakunan gwaji shi ne a ɗiga ruwan jini a kan farin faranti, a ƙara ɗigon sinadarin O da na H na ƙwayar taifot, a jujjuya na minti ɗaya, a duba ko ya yi gudaji. Sai a rubuta 1:80 ko 1:160, majiyyaci ya karɓi takarda ya nufi kemis.

Matsalar a nan take. Wanda ya tashi inda taifot ke yawo yana iya ɗauke da waɗannan sojoji shekara da shekaru ba tare da ciwo ba. Maleriya da sauran dangin Salmonella su ma kan sa gwajin ya nuna. Wanda kuma yake makon farko na cutar yana iya fitowa ba komai. A ƙa'ida, sai an ɗebi jini sau biyu, da ratar kwana 10 zuwa 14, an ga adadin ya ninka sau huɗu. Kusan babu mai yin hakan, domin mai zazzaɓi ba ya jiran mako biyu. Yawan jin ana cewa "maleriya da taifot ne" a asibitocinmu da unguwanninmu, wani kaso nasa daga wannan faranti ya fito. Kowane sakamako na ƙarya kuwa yana nufin kwanaki na sifrofulokzasin ko seftiriyazon a hanjin da ba ya buƙata, kuma bakteriyar da ke zaune a wannan hanji ita ke koyon turjiya.

Renon jini ma yana da nasa rauni, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ƙwayar ba ta da yawa a jini, sau da yawa ba ta wuce ɗaya a kowane mililita ba, don haka yakan kama kimanin kashi 60 cikin 100 ne kawai na masu cutar. Renon ɓargo ya fi shi kamawa, amma ɗibarsa da wuya. Idan jinin da aka ɗiba ya yi kaɗan, ko majiyyaci ya riga ya sha magani daga kemis, damar ta ƙara raguwa. Renon jini yana ɗaukar kwanaki, yana buƙatar wuta mai ɗorewa da ƙwararren ma'aikaci. Duk da haka, shi ne, ba Widal ba, ke miƙa wa mai bincike ƙwayar da ranta, wadda za a gwada da magani a kuma karanta jigidarta.

5.0 Matsayin Yammacin Afirka

Binciken da aka wallafa a 2016 kan samfura 128 daga jinin yara a Kano da Abuja ya gano cewa mafi yawansu 'yan zuriyar 3.1.1 ne, ba a samu H58 a ciki ba, kuma da yawa sun gagari tsofaffin magunguna uku. Wani zai ɗauki wannan a matsayin albishir, ya ce ƙwayar Pakistan ba ta iso ba. A ganin wannan maƙala, fahimtar ta yi gajarta. Ba sai H58 ta hawo jirgi ba. An sha samun blaCTX-M-15 a jikin Escherichia coli da Klebsiella a asibitocin Yammacin Afirka, ruwan sha da najasa kuma na haɗuwa a tsofaffin unguwanni da dama. Kayan haɗin da suka samar da nau'in Haidarabad duk suna nan gida. Bambancin shi ne a can akwai ɗakin gwaji da ke renon jini kullum, ya gani a kan lokaci.

6.0 Riga-kafi da Shawarwari

A ƙarshen 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancin Typbar-TCV, allurar riga-kafi da kamfanin Bharat Biotech na Indiya ya yi, wadda ake yi sau ɗaya tun daga wata 6 da haihuwa. Gwaji a Nepal ya nuna kariya ta kusan kashi 82, a Malawi kimanin kashi 80. Pakistan ce ta fara sanya irin wannan allura cikin riga-kafin yau da kullum a Nuwamba 2019. Laberiya da Zimbabuwe suka bi a 2021, Malawi a 2023. Ƙasar da ke son bin wannan sahu tana buƙatar alkaluman da aka tabbatar da renon jini, kuma takardun Widal ba sa zama hujja.

Gyaran bututun ruwa da magudanan ƙazanta aiki ne na shekaru, amma akwai abin da ba ya buƙatar jira. Asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha su mayar da renon jini farilla ga duk yaron da aka kwantar da zazzaɓin da ya wuce kwana uku, a ɗebi jinin kafin allurar farko, a rangwanta wa iyaye kuɗinsa. Duk Salmonella Typhi da aka samu a gwada ta da seftiriyazon da azitiromaisin, a adana ta, a aika ɗakin gwaji na ƙasa. Hukumomin da ke kula da aikin likita da na kemis kuma su fito fili su hana rubuta maganin taifot a kan sakamakon Widal guda ɗaya.