Haƙuri a Ma'aunin Falsafa: Martani ga Masu Raina Ƙananan Kalmomi

Akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama a tsakanin wasu manazartanmu, cewa tsayawa a kan kalmomi irin su haƙuri da kunya da amana aikin mai tattara al'adu ne, bai kai a kira shi tunani mai zurfi ba. Asalin gardamar sananne ne: littafin Tempels (1945) kan falsafar Bantu, sannan a ɓangaren Hausa laccar Kirk-Greene (1974) kan mutumin kirki da halaye goma da ta jero masa. Wanda ya fi kowa kaifin sukar irin wannan aiki shi ne Paulin Hountondji na Jamhuriyar Benin, wanda fassarar littafinsa zuwa Ingilishi ta fito a 1983, kuma da shi nake son yin magana.

Hujjarsa iri biyu ce. Ta farko, falsafa rubutu ce da mutum guda mai suna yake yi, ya ɗauki alhakin abin da ya faɗa, wani ya zo ya ƙaryata shi. Ta biyu, kuma ita ta fi ciwo, duk mai cewa "ga abin da ƙabila kaza ta yi imani da shi" yana rufe bakin masu saɓani ne, yana nuna al'umma kamar bakinta ɗaya. A kan wannan ta biyun ina ganin yana da gaskiya mai yawa. Jerin halaye goma, komai kyansa, yana sa mai karatu ya ɗauka Hausawa sun gama yarda da ma'anar kowace kalma, saura haddacewa. Sai dai almajiran Hountondji na nan gida sun zarce shi, sun ɗauka tun da jerin ya daskare, kalmomin ma ba su da abin tonawa. A nan muka rabu.

Mu ɗauki haƙuri kaɗai. Wanda aka yi wa rasuwa, ce masa ake yi sai haƙuri. Wanda ya taka ka a kasuwa, "yi haƙuri" zai ce, yana neman afuwa. Almajiri in ya tsaya a ƙofar gida babu abin ba shi, da kalmar ake sallamarsa. Mace in ta yi yaji, iyaye su mayar da ita ɗakinta da "ki yi haƙuri". A na farko, ana roƙon mutum ya jure abin da babu mai iya sauya shi. A na ƙarshe, sau da yawa ana roƙonta ta jure abin da mutum ne ya jawo shi, kuma mutum zai iya dainawa. Kalma ɗaya ta ɗauke duka biyun, kuma a iya fahimtata, bambance su shi ne babban aikin da tunani zai yi wa zaman jama'a. Wanda bai taɓa zama ya bambance su ba, zai iya taya azzalumi aiki alhali yana jin nasiha yake yi.

Za a ce ni na ƙirƙiro wannan bambanci na jingina wa Hausawa, wanda shi ne ainihin laifin da Hountondji yake zargin irinmu da shi. To, mu duba. Harshen da ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, shi ne kuma yake cewa tura ta kai bango. Malaman zaure da suka karanta Ihya'u ta Imamu Gazali sun san babin haƙuri da godiya, inda aka rarrabe haƙuri a kan ɗa'a da haƙurin barin saɓo da haƙuri a kan musiba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin sarakuna, har da harajin da shari'a ba ta san da shi ba, bai ce talaka ya haɗiye ba. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri da bulala saboda sun ƙi irin haƙurin da ake nema daga talakawa. Balaraba Ramat Yakubu kuma, a Alhaki Kuykuyo Ne (1990), ta sa Rabi a gaban mai karatu, matar da ta jure wulaƙancin miji shekara da shekaru, aka kore ta da 'ya'yanta, ta tashi ta nemi abincinsu da hannunta. Rubutu ne, na mutum guda mai suna, kuma ya jawo ce-ce-ku-ce. Sharuɗɗan Hountondji ke nan cif.

Dole in rage da'awata a nan. Waɗannan misalai ba su tabbatar da cewa Hausawa suna da tsararren tsarin falsafa irin wanda ake koyarwa a jami'a ba, kuma ban gwada hujjar a kan kunya ko amana ba, ko da yake ina kyautata zaton za ta tsaya. Abin da suka nuna ya fi haka ƙanƙanta: kalma guda da yaro ɗan shekara biyar ya sani ta kasance fagen saɓani na sama da shekara 200, tsakanin malami da sarki, talaka da hakimi, mata da miji. Baki bai taɓa zama ɗaya a kanta ba.

Saboda haka nake kira ga masu duba kundayen digiri a sassan Hausa da na falsafa: in ɗalibi ya kawo batun haƙuri ko kunya, kada a kore shi da cewa batun ya yi sauƙi. A hana shi jero karin magana kawai, a tilasta masa ya nuna wa ya faɗi kalmar, ga wa, kuma wa ya ƙi yarda.