Jiki Magayi: Tarihin Neman Maganin da Ya Dace da Kowane Mutum

A unguwarmu ta Soundview da ke birnin New York, na taɓa ganin wani dattijo ɗan ƙasarmu ya ɓallo ƙwayar hawan jini daga aljihu ya miƙa wa abokinsa, ya ce, "Alhaji, gwada wannan, ni dai ta karɓe ni." Wannan magana ta "karɓa" ita ce likitoci suka shafe shekaru suna neman hanyar aunawa.

Gwajin magani na zamani ya kafu a Ingila a 1948, lokacin da aka raba masu tarin fuka 107 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, bisa tsarin Austin Bradford Hill, aka ba kashi ɗaya streptomycin. Ƙuri'ar ta toshe ƙofar son rai. Sai dai amsar irin wannan gwaji ta jama'a ce a dunƙule. Idan an ce magani ya yi aiki, mai yiwuwa ne ya amfani wasu sosai, wasu kuwa ko gezau.

A 1986 Gordon Guyatt da abokan aikinsa na Jami'ar McMaster a Kanada suka wallafa wata dabara, wato gwajin mutum ɗaya. Wani dattijo mai ciwon asma ya riƙa karɓa-karɓa tsakanin theophylline da ƙwaya marar sinadari, ba shi ba likitansa babu wanda ya san wacce ake sha. Da aka buɗe lissafi, sai ga shi maganin da ake zaton yana taimakonsa ƙara masa ciwo yake yi.

To, me ya sa sai an maimaita? Awon jini yakan hau ya sauka saboda barci, gishiri ko ɓacin rai. Sauƙin da aka gani sau ɗaya yana iya zama dace kawai. Sai an ba mutum magani, an canza, an sake dawo masa da shi, sannan a tabbatar jikinsa ne ya karɓa. Haka masu bincike na Uppsala a Suwidin suka yi. Mutum 280 suka shiga, aka tsara kowa ya sha magunguna huɗu bi da bi, a maimaita masa biyu. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna cewa zaɓar wa mutum wanda ya dace da shi na iya ƙara rage awon sama da maki 4.4.

Mu kuma fa? Tarihinmu da gwaji yana da ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano cikin binciken yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Shari'ar ta kai har kotunan wannan birni da muke zaune, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma gudun yana da nasa hasarar, domin wanda ba a gwada magani a jikinsa ba, da awon wasu za a yi masa. A 2019 Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranci binciken masu hawan jini 728 a ƙasashen Afirka shida, har da likitan Kano cikin masu aikin. An gano cewa haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jinin mutanenmu. Wannan ma amsar jama'a ce. Saura ta mutum ɗaya.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun likitanci da lissafi, gwajin karɓa-karɓa ba ya bukatar dubban mutane, ya kuma dace da cututtuka masu daɗewa irin su hawan jini da asma. Abin da yake bukata shi ne amincewar majiyyaci bayan an yi masa bayani da harshensa. Idan mun koma gida, wannan aiki yana jiranmu. Kafin nan, mu roƙi iyayenmu su bar musayar ƙwaya a tsakaninsu, su kai maganar gaban likita.