Doncaster Belles: Kulob Ɗin Matan Da Ya Yi Sarauta, Kuɗi Suka Sauke Shi

Jama'a, da yawa daga cikinmu ba su manta da ranar 7 ga Agusta, 2023 ba, ranar da 'yan matanmu na Super Falcons suka riƙe wa Ingila wuya har minti 120 a birnin Brisbane na Ostareliya, a gasar kofin duniya, kafin a fitar da su a bugun fenariti da ci 4 da 2. To, kyaftin ɗin Ingila a ranar, Millie Bright, da mai tsaron ragarsu, Mary Earps, da Bethany England wadda ta ci ɗaya daga cikin fenaritin, dukkansu sun taɓa sa rigar wani kulob guda, wanda yanzu sai an tona ƙananan rukunan gasar Ingila kafin a ga sunansa. Sunansa Doncaster Belles. Tarihinsa ne za mu duba a wannan fitowar, domin akwai abin lura a ciki.

Doncaster gari ne a yankin Yorkshire ta Kudu, a arewacin Ingila, ƙasar masu haƙar kwal da ma'aikatan jirgin ƙasa. A shekarar 1969 waɗansu 'yan mata da ke sayar da takardun gwada sa'a ga 'yan kallo a filin Belle Vue, filin kulob ɗin maza na Doncaster Rovers, suka ce su ma fa suna so su taɓa ƙwallon nan da suke gani ana bugawa. Jagorarsu wata budurwa ce mai suna Sheila Stocks. Suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Belle Vue Belles, wato kyawawan Belle Vue, a 1971 kuma suka mai da shi Doncaster Belles.

Kada mai karatu ya ɗauka abu ne mai sauƙi suka yi. A lokacin akwai dokar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta kafa tun Disambar 1921, wadda ta hana mata wasa a filayen kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashinta. Abin mamaki, shekara guda kafin dokar, mutum kamar 53,000 ne suka cika filin Goodison Park na Liverpool don kallon wasan mata. Dokar nan ta shekara hamsin tana aiki, sai a 1971 aka janye ta. Ke nan 'yan matan Doncaster sun soma ne ba fili, ba albashi, ba wani uban gida mai kuɗi. Da aljihunsu suke biyan kuɗin mota da na kayan wasa, a yi aiki da rana, a yi atisaye da yamma, a buga wasa ran Lahadi.

Sannu ba ta hana zuwa. Sun fara da ƙananan gasanni na yankinsu, suka gagari kowa, sannan a 1983 suka ɗauki babban kofin mata na ƙasa a karon farko, bayan sun doke St Helens da ci 3 da 2. Daga nan fa sai abin ya zama jiki. Cikin shekara 12, daga 1983 zuwa 1994, sau 11 suna zuwa wasan ƙarshe na kofin, a 1989 kaɗai aka yi babu su. Sun ɗauke shi sau 6: 1983, 1987, 1988, 1990, 1992 da 1994.

Da aka kafa gasar ƙasa baki ɗaya ta mata a kakar 1991 zuwa 1992, Belles suka buga wasa 14, suka ci 14, ko kunnen doki ba a yi da su ba, suka kuma haɗa da kofi. A wasan ƙarshe na kofin suka lallasa Red Star Southampton 4 da nema, Karen Walker ita kaɗai ta zuba uku. Sun sake haɗa gasa da kofi a kakar 1993 zuwa 1994. A tsakiyar fili kuwa akwai Gillian Coultard, 'yar gajeruwa mai zuciya, ma'aikaciyar masana'anta, wadda ta buga wa Ingila wasa 119. Sunan kulob ɗin ya kai inda BBC ta yi fim a kansu a 1995, wani marubuci Pete Davies kuma ya bi su kaka guda cur, ya fitar da littafi a 1996.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Alamar farko ta bayyana a 1993, lokacin da matan Arsenal suka doke su 3 da nema a wasan ƙarshe na kofi, suka kuma ƙwace gasar shekarar. Arsenal na da babban kulob ɗin maza a bayanta, da fili, da kayan aiki, har da guraben aikin da ake ba waɗansu 'yan wasa a kulob ɗin. A wannan shekarar ce kuma FA ta karɓi ragamar ƙwallon mata a hannunta. Belles sun ƙara zuwa wasan ƙarshe a 2000 da 2002, Croydon da Fulham suka kayar da su, Fulham ɗin ma a lokacin 'yan wasanta albashi suke ci. A 2003 suka ƙulla alaƙa da kulob ɗin maza na garinsu, sunan ya koma Doncaster Rovers Belles.

Duk da haka ba su taɓa faɗowa daga rukunin farko ba, kuma suna cikin kulob takwas da suka buɗe sabuwar babbar gasa ta WSL a 2011. Sai ga shekarar 2013. A watan Afrilu, wasa ɗaya tak aka buga a kakar, FA ta ba da sanarwa cewa daga 2014 za a raba gasar gida biyu, kuma Belles a rukuni na biyu za su kasance, ko da wane matsayi suka ƙare. Kujerarsu aka ba Manchester City, wadda ba ta taɓa buga WSL ba, amma tana da dukiyar attajiran Abu Dhabi a bayanta. Hujjar hukumar ita ce sharuɗɗan lasisi, irin su ƙarfin aljihu, da fili, da tsarin kasuwanci. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, kulob ya ɗaukaka ƙara, ba ta sauya zani ba. Gaskiya ne a ƙarshen kakar su ne na kashin baya, amma wa zai yi gudu da zuciya ɗaya bayan an riga an faɗa masa sakamakon tsere?

Ba su karaya ba. A 2015 suka sake hawowa da ƙafarsu, sai dai a 2016 wasa ɗaya kacal suka ci cikin 16, suka koma ƙasa. A kakar 2017 zuwa 2018 suka zo na ɗaya a rukuni na biyu, amma babu hawa, domin sabuwar ƙa'ida ta ce duk mai son rukunin farko sai ya ɗauki 'yan wasansa aiki na cikakken lokaci. Kai, ko zama a rukuni na biyun ma ya fi ƙarfin asusunsu, dole suka janye zuwa na uku. Koci ya tafi, manyan 'yan wasa suka watse. A daidai wannan shekara ta 2018 Manchester United ta kafa sabon kulob ɗin mata, aka ba shi gurbi kai tsaye a rukuni na biyu. A 2019 Belles suka gangara rukuni na huɗu, a shekarar ce kuma kamfanin da ke riƙe da Doncaster Rovers ya karɓe su ɗungurungum.

A nan sai a yi adalci. Kuɗin da suka shigo sun yi amfani: mata na cin abinci da ƙwallo yanzu, Ingila ta ɗauki kofin Turai a 2022, aka cika filin Wembley. Amma a ƙungiyar da ta ɗauki kofin akwai Bright da Earps da England, waɗanda suka bi ta hannun Belles. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin lura shi ne, sau biyu, a 2013 da 2018, ba a fili aka yanke wa Belles hukunci ba, a ofis ne. Sun gina ƙungiya da gumi da zumunci, amma ba su da fili nasu na kansu, ba su da wata hanyar samun kuɗi mai ɗorewa, ranar da aka sauya ma'auni kuwa, kofunansu shida ba su yi musu lauya ba. Abin da ya rage musu shi ne suna, da mutanen da suka ƙi barin sunan ya mutu, irin su Sheila, wadda ta zama Sheila Edmunds bayan ta auri kocinsu Paul Edmunds, ta kuma shafe shekaru fiye da hamsin tana yi wa kulob ɗin hidima. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.