Majalisar Tarayyar Nijeriya: Tarihin Tsarinta da Ikonta

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda aka gina Majalisar Tarayyar Nijeriya, da irin ikon da aka damƙa mata a kowane zamani. Abin da muke so mu nuna shi ne, ikon da tsarin mulki ya rubuta wa majalisa ya yi ta ƙaruwa tun daga zamanin Turawa, amma ikon da yake hannunta a zahiri bai taɓa wuce gwargwadon abin da 'yan majalisa suka tsaya suka yi aiki da shi ba.

2.0 Zamanin Turawa

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 shi ne ya fara kawo zaɓe. Cikin 'yan majalisa 46, huɗu ne kawai zaɓaɓɓu, uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba. Dokokin wannan majalisa ba su shafi Arewa ba, domin Gwamna ne yake yi wa Arewa doka shi kaɗai. Sai da tsarin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947 sannan wakilan Arewa da na Kudu suka zauna a zaure ɗaya.

Da zarar an haɗu kuwa, sai gardamar rabon kujeru ta tashi. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka nemi rabin kujerun majalisar tsakiya, har Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina suka nuna cewa in ba a yarda ba, Arewa za ta nemi a raba ta da Kudu kamar yadda take kafin 1914. Aka yarda. Saboda haka tsarin Gwamna Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68, Gabas 34, Yamma 34. Tun daga nan, yawan kujeru ya zama ma'aunin da kowane yanki yake auna rabonsa da shi a cikin tarayya.

3.0 Jamhuriya ta Farko

Majalisar da ta karɓi mulkin kai a 1960 tana da zaure biyu, bisa tsari irin na Ingila. Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, an raba su bisa yawan jama'a, Jihar Arewa ta sami 174. Majalisar Dattawa kuma tana da mutum 44, watau 12 daga kowace ɗaya daga cikin manyan jihohi uku, huɗu daga Ikko, huɗu kuma Gwamna-Janar ya naɗa. Jama'a ba su zaɓen dattawan nan, kuma ikonsu taƙaitacce ne: suna iya jinkirta dokar kuɗi wata ɗaya, sauran dokoki wata shida, amma ba su iya hana su.

A bisa tsari, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da ministocinsa 'yan majalisa ne, kuma Majalisar Wakilai tana iya kayar da gwamnati in ta ƙi amincewa da ita. Sai dai tun da gwamnatin ce take da rinjaye a zauren, abin da ta kawo shi ne yake wucewa. Alal misali, a watan Mayu na 1962 majalisa ta amince da dokar-ta-ɓaci a Jihar Yamma a zama ɗaya, aka ɗora Dakta Majekodunmi ya riƙe jihar. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, doka ta farko da soja suka yi ita ce ta dakatar da majalisar.

4.0 Sauyin 1979

Kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975, a ƙarƙashin Rotimi Williams, ya karkata ga tsari irin na Amurka, kuma shi tsarin mulkin 1979 ya bi. Aka raba majalisa da gwamnati, har ya zama duk ɗan majalisar da aka ba minista sai ya bar kujerarsa. Aka mayar da Majalisar Dattawa zaɓaɓɓiya, kowace jiha cikin jihohi 19 tana da mutum biyar, watau 95 ke nan. Aka daidaita ƙarfin zaurukan biyu, ba dokar da za ta wuce sai kowannensu ya amince. Ta haka aka nemi a sasanta tsohuwar gardamar 1950: zaure ɗaya yana bin yawan jama'a, ɗaya kuma yana daidaita babbar jiha da ƙarama.

Abin da ya faru a 1981 ya cancanci mu tsaya a kansa. Zaurukan biyu sun saɓa a kan dokar rabon kuɗin tarayya, sai aka miƙa al'amarin ga kwamitin haɗin gwiwa na harkar kuɗi. Da kwamitin ya yanke shawara, maimakon a mayar da ita ga zaurukan su jefa ƙuri'a, sai aka wuce da ita kai tsaye ga Shugaba Shehu Shagari, ya sa hannu. Gwamnatin Jihar Bendel ta kai ƙara, kuma a watan Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar, bisa hujjar cewa kwamiti ba ya tsayawa a madadin majalisa. A nan ba wanda ya ƙwace wa majalisa iko. Ita ce ta sakar wa 'yan tsirarun mutane mafi girman ikonta, watau na rabon dukiyar ƙasa, har sai da alƙalai suka mayar mata da shi.

Soja suka sake rushe majalisa a 31 ga Disamba 1983, kuma wadda aka kafa a ƙarshen 1992 ba ta cika shekara ba Janar Sani Abacha ya rushe ta. Idan muka yi lissafi, daga 1960 zuwa 1999 zaman majalisa bai kai shekara 11 ba. Kotuna da ma'aikatun gwamnati sun ci gaba da aiki a ƙarƙashin soja, majalisa ce kaɗai ake rufewa, saboda haka duk dawowarta sai ta fara koyon aiki daga tushe.

5.0 Tsarin 1999

Tsarin mulkin 1999 ya bi sawun na 1979. Majalisar Dattawa tana da mutum 109, uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai kuma 360. Dole kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Majalisa ce take yin doka, ita take amincewa da kasafin kuɗi, tana da ikon bincikar ma'aikatu da na tsige Shugaban Ƙasa, dattawa kuma su suke tabbatar da ministoci. In Shugaba ya ƙi sa hannu a kan doka cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na kowane zaure suna iya zartar da ita.

Yadda aka yi aiki da wannan iko ya kasu biyu. A shekara ta 2000 majalisa ta zartar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta ba tare da sa hannun Shugaba Obasanjo ba. A 16 ga Mayu 2006 dattawa suka yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba da damar wa'adi na uku. A watan Fabrairu na 2010, lokacin jinyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, majalisa ce ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. A ɗaya gefen kuma, tsakanin 1999 da 2007 Majalisar Dattawa ta yi shugabanni biyar, abin da ya nuna rashin natsuwar zauren a shekarunsa na farko.

6.0 Kammalawa

Daga abin da muka kawo, za mu ga cewa mutanen 1950 sun yi gardama a kan wanda zai zauna a majalisa, mutanen 1979 kuma suka faɗaɗa abin da majalisa za ta iya yi. Tambayar da ta rage ita ce ta 1981: shin waɗanda suka zauna za su riƙe ikon da aka ba su, ko za su miƙa shi ga kwamiti, ko ga fadar Shugaba? Tun 1999 ba a sake rufe majalisa ba, saboda haka hanzarin ƙarancin shekaru ya fara ƙarewa. Muna ganin aikin da yake gaban masu nazari shi ne su bi kasafin kuɗi shekara bayan shekara, su gano abin da majalisa ta sauya a ciki, da dalilin sauyawar, da wanda ya amfana.