Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Komowar Yakubu Nabame Ƙasar Kabi

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Jega sai ya ratsa Tambuwal, in kuwa ya karkata kudu ya faɗa ƙasar Kebbe. A yau garuruwan nan biyu suna bakin iyakar Jihar Sakkwato da Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, amma zaman bakin iyaka ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A ƙarni na 19 Tambuwal ribaɗi ne, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, kusa da Gwandu, yana fuskantar Kabawa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani al'amari da ya hana mutanen wannan iyaka barci shekara da shekaru, wato komowar Yakubu Nabame gida a 1849, a kuma auna shi da wata tsohuwar waƙa ta Girkawa wadda ita ma a kan komowar sarki take.

Waƙar ita ce Odisiya, wadda ake danganta wa Homa, kimanin ƙarni takwas kafin haihuwar Annabi Isa. Tana ba da labarin Odisiyus, sarkin tsibirin Itaka, wanda ya shekara 10 a yaƙin Taroy, ya kuma shekara 10 yana ɗimuwa a teku. Da ya iso gida sai ya tarar da manema 108 sun mamaye fadarsa, suna cin dukiyarsa, suna matsa wa matarsa Fenelofi ta zaɓi miji. Saboda haka ya ɓad da kama, ya shigo da tsummoki kamar tsohon mabaraci, don ya ga wanda ya riƙe amana da wanda ya ci ta. Tsohon karensa ya gane shi, ya kaɗa wutsiya, ya mutu. Tsohuwar da ta rene shi ta gane shi ta wani tabo a ƙafarsa sa'ad da take wanke masa ita. Matarsa kuwa ba ta sakankance ba sai da ya faɗi asirin gadonsu, wanda shi da kansa ya sassaƙa a jikin kututturen zaitun. Abin lura shi ne, sarkin ya ɓoye fuskarsa ne domin ya karanta zukatan jama'arsa.

Labarin Kabi ya zo da akasin haka. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, amma gidan sarautar da ya gaji Kanta bai miƙa wuya ba. Sarki Muhammadu Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi, ɗan'uwansa Sama'ila Karari ya ɗora daga Argungu, har shi ma ya faɗi a 1831. An ruwaito cewa da ya ga ba makawa, sai ya sauka daga doki, ya zauna bisa garkuwarsa, ya jira ajalinsa. Ɗansa Yakubu Nabame ya faɗa hannu, amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai kashe shi ba, ya ajiye shi a Sakkwato. A wannan zamani laƙabin Sarkin Kabi ya riga ya sami wasu masu amsa shi a cikin daular, kamar zuriyar Moyijo a Yabo. Wato shi ma, kamar Odisiyus, ya yi nisa da gida alhali sunan gidan yana bakin wasu.

Shekara 18 Nabame ya yi a Sakkwato, ya ga zamanin Bello, da na Atiku, da na Aliyu Babba wanda ya hau gado a 1842. Ba tsummoki ya sa ba, rigar fada ya sa, ya hau doki ya bi tutar Sarkin Musulmi. An ruwaito cewa a wani yaƙi ya tsirar da ran Umaru ɗan Aliyu Babba, kuma saboda wannan ne aka yarje masa ya koma ƙasar ubansa. Ba a daɗe ba Kabawa suka yi masa mubaya'a, ya zauna Argungu, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Sakkwato da Gwandu a 1853, ya tarar hanyoyin yamma sun zama na kasada saboda wannan tawaye.

A nan ne karin maganar nan ta labarin zuciya a tambayi fuska take neman gyara. A ƙasar Hausa ba a rasa irin tabon Odisiyus ba, gama tsagar da wanzami ke yi wa jinjiri ita ce shaidar asali, kuma a zamanin hare-haren bayi da ita dangi kan gane nasu bayan shekaru. Amma tsaga asali kawai take nunawa, ba ta nuna inda zuciya ta karkata. Ba wanda ya taɓa shakkar ko ɗan wane ne Nabame. Fuskarsa a buɗe take shekara 18 a gaban fadawa, duk da haka abin da Sakkwato ta karanta a cikinta dabam, abin da Kabawa suka karanta dabam.

Saboda haka kalmar amana ta rabu biyu. Ga Sakkwato, mutum ne wanda aka bar wa ransa, aka ciyar da shi, aka yarda da shi, ya juya baya. Ga Argungu kuwa, ɗa ne wanda ya riƙe amanar uban da ya mutu bisa garkuwa. Waƙar Girkawa ta sauƙaƙa wa kanta hukunci, domin a Itaka gadon sarauta ɗaya ne, mai shi kuma sananne, don haka ta hallaka maneman ba tare da ta saurari hujjarsu ba. Mai nazarin tarihi ba shi da wannan sauƙi, tilas ya saurari gidajen biyu. Abin da zai iya tabbatarwa shi ne, ba komowar ce ta mai da Nabame sarki ba, ganewar jama'a ce. Da Kabawa sun mance da gidan Karari a cikin shekarun nan 18, da baƙo ne kawai ya sauka a Argungu.

Kuɗin wannan ganewa kuwa talakawan iyaka ne suka biya. An kashe Nabame a fagen fama a 1854, ɗan'uwansa Yusufu Mainasara ya gaje shi, yaƙi bai tsaya ba. Sai a zamanin Abdullahi Toga aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, manoma suka sami sararin shekaru kaɗan kafin wuta ta sake tashi. Odisiya ma da sulhu ta ƙare tsakanin sarki da dangin waɗanda ya kashe, amma ita a rana guda ta gama nata. A nan kuwa sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka tarye shi da bikin kamun kifi, shekara 85 bayan komowar Nabame. A ranar ce gidajen biyu suka dubi juna, kowanne ya gane ɗan'uwansa.