Fairubet Dikaboksiles

Fairubet dikaboksiles inzayim ne da ake samu a yis da tsirrai da wasu ƙwayoyin bakteriya. Aikinsa tsinke iskar kabon dayoksaid daga fairubet, wato abin da ke saura idan ƙwayar halitta ta farfasa sukari. Daga nan wani sinadari mai suna asitaldihaid ke fitowa, wani inzayim ɗin kuma ya mayar da shi barasa. Da haka yis ke samun kuzari ko babu oksijin.

Fairubet dikaboksiles ba ya aiki sai da magniziyam da wani sinadari daga bitamin B1. Bajamushe Carl Neuberg ya gano shi a 1911. Iskar da yake saki ce ke tayar da kwaɓin burodi da fanke. Babu wannan inzayim a jikin ɗan Adam.