Daga Treichville aka sauya dokar magani ta duniya

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun sha shiga babban asibitin Treichville dubiya ko jinya, amma kaɗan ne suka san cewa binciken da aka jagoranta daga harabar nan ya sauya yadda ake kula da masu cutar Sida a duniya, har sau biyu.

Me mai bincike yake nema? Abu ɗaya ne: ya san ko maganin ne ya warkar, ko kuwa dama mutum zai tashi. Ba a gane haka sai da kwatance. Wannan dabara tsohuwa ce. Likitan nan Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya ga wasu majinyata da alamomin ciwo mai kama da sanƙarau, sai ya fitar wa wasu jini, ya bar wasu da gangan don ya kwatanta. Yau ba mai yi wa sanƙarau magani da fitar da jini, to amma kwatancen da ya yi shi ne har gobe ake yi.

A 1996 Sida tana cin mutane a Abijan, magungunan da suka fito a Turai kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Sai likitocin ƙasar nan da abokan aikinsu na Faransa da Amurka suka yi tambayar da ta dace da aljihunmu: shin ƙwayar kotrimokzazol, wadda muka fi sani da Bactrim, mai arha, wadda ke kowane kantin magani, za ta kare mai ɗauke da cutar daga sauran cututtukan da ke kayar da shi? Aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu na shan Bactrim kullum, wasu na shan ƙwaya mai kama da ita wadda ba magani a ciki, kuma ba majinyaci ba likita, ba wanda ya san wa ke shan wace. Wannan ɓoyewar ba wasa ba ce, don zuciya tana da ƙarfi: mutum ya yarda da ƙwaya sai ya ji sauƙi, likita ma ya kan ga abin da yake fatan gani. Sakamakon bincike biyu ya fito a mujallar Lancet a 1999. Cikin masu Sida haɗe da tarin fuka, mace-mace ya ragu da kashi 46 cikin 100. A 2000 hukumomin lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a riƙa ba da ita a Afirka.

A dai shekarar 1996 ɗin, a Kano, an yi wani gwaji na daban. Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan, aka sa yara kimanin 200 a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗin ba su ne babbar asarar ba. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Mu dawo gida. A da, sai garkuwar jiki ta yi ƙasa sosai ake fara ba mutum maganin Sida. Daga 2008 zuwa 2015 aka gudanar da binciken Temprano a asibitoci tara na Abijan, Farfesa Serge Eholié na Treichville yana cikin jagororinsa. Mutum 2,056 suka sa hannu da yardarsu bayan an yi musu bayani. Waɗanda aka fara ba magani nan take, haɗarin mutuwa ko ciwo mai tsanani ya ragu musu da kashi 44 cikin 100. A watan Satumba na 2015, bisa wannan da wani bincike mai suna START, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar cutar a fara ba shi magani, ba sai an jira ya kwanta ba.